Furfura Ya Ci Gwaji

Tun yana saurayi ake ce masa Furfura, alhali a lokacin ko silin farin gashi babu a kansa. Aikinsa ne ya raɗa masa sunan. A tashar wutar lantarki yake, cikin masu naɗe bututun tururi don kada zafi ya tsere. Abin da suke naɗin da shi wani farin abu ne mai laushi, kamfani na kiransa asbesto, su kuwa ma'aikata ba su taɓa ce masa komai ba sai auduga. Da zarto suke yanka shi, su kwaɓa garinsa a bokiti da hannu, su shafe gwiwar bututu kamar masu yaɓe. In an tashi aiki sai ya fito fari fat, har gira da cikin kunne, abokai suna tsokanarsa wai kakan wa ya ɓata hanya ya shigo tasha.

Gwani ne kuwa, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Bututun da Furfura ya naɗe, kana iya jingina da shi ka ci abincin rana. Ba wanda ya ba su takunkumi, su ma ba su nema ba. Wa zai ji tsoron auduga? Har jifan juna suke yi da ita in mai duba aiki ya juya baya.

Abin da suke tsoro shi ne likitan kamfani. Duk shekara sai an jera su an auna, kuma wanda aka ji ƙirjinsa na kuka, ko aka ga ya rame, sai a ce ya je gida ya huta, irin hutun da ba a dawowa. Mai iyali kuwa ba ya wasa da wannan. Saboda haka suka mai da ranar likita ranar jarrabawa, har da dabarunta, manya na koya wa ƙanana. Ka zo da wuri ka zauna numfashinka ya kwanta. Ka lashi zuma kafin ka shiga don tari ya lafa. Duk abin da aka tambaye ka, amsar ɗaya ce, lafiya lau. Wanda ya fito, 'yan layi su ɗaga masa gira, shi kuma ya ce ya ci. Furfura bai taɓa faɗuwa ba, da haka ya ciyar da 'ya'yansa har suka kama gabansu.

Ya daɗe da yin ritaya, furfurar gaske ta zo ta cika masa kai, sannan aka ce audugar nan guba ce. Wai ƙurarta ba ta narkewa, a huhu take maƙalewa ta yi shiru shekara da shekaru, sai mutum ya manta da ita ta tashi. Da idonsa ya ga waɗanda aka kawo su ɓamɓare ta, sun rufe jikinsu ruf tun daga kai har ƙafa, suna shaƙar iska ta wata roba. Ya tsaya a bayan shinge yana kallon yadda suke ɗaukar aikin hannunsa kamar masu ɗaukar maciji. Ranar bai iya cin abinci ba.

Daga nan kamfani ya shiga kiran tsofaffin ma'aikata asibiti duk shekara, a auna nauyi, a saurari ƙirji, a hura wani bututu mai gwada ƙarfin huhu. Hoton ƙirji kuwa sai bayan 'yan shekaru, ko in mutum ya kawo kuka da bakinsa. An yi musu bayani dalla-dalla cewa so ake a gano ciwon da wuri. Sun ji, sun gyaɗa kai. Amma da ranar ta zo, sai ga tsofaffi sun yi sammako, sun jeru a benci, kowa bakinsa na ƙamshin zuma. Abin ya ba da haushi, ya kuma ba da tausayi. Mutanen da aka tara domin a cece su, su ne suka zo da shirin ɓoyewa.

Mai Walda, amininsa tun na ƙuruciya, ya ci gwajin bara. Ya fito yana dariya, ya ce huhunsa ya fi na jikansa. Shekarar ba ta zagayo ba rai ya yi halinsa. Furfura ya je duba shi sau ɗaya, ya tarar da ƙaton mutumin nan a zaune, an tokare shi da matasai, yana jan iska da kafaɗu, magana ma sai da ido. Bai sake komawa ba. Ba rashin zumunci ba ne, tsoro ne tsagwaronsa, don a lokacin shi ma ya fara jin wani abu na sukarsa a ƙasan haƙarƙarin dama.

Bai gaya wa kowa ba. Ya daina bin hanyar da ke da hawa, ya ce ta ƙasa ta fi inuwa. In zai ɗaure takalmi sai ya ɗora ƙafa a kan kujera. In tari ya taso, ya shige banɗaki ya buɗe famfo. Matarsa, wadda suka tsufa tare, wata rana sai ya ga ta rage masa ƙugun wando ba tare da ya sa ta ba. Da ya gani, ya san ta lura da ramarsa.

Ranar gwajin bana ta ce za ta raka shi. Ya ce me zai kai mace cikin tsofaffin leburori, ta ce a bakin ƙofa za ta zauna. Ya sa tsohuwar kwat ɗinsa duk da zafin da ake yi.

A benci ya tarar da Ƙusa, wani siririn tsoho da suka yi aikin naɗi tare. Ƙusa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai kwat ba ta ɓoye ramar wuya. Ya laluba jakarsa, ya faki ido, ya zura masa manyan notuna na ƙarfe a aljihu biyu, ya ce na ƙara nauyi a sikeli ne, in ya gama ya dawo masa da su, akwai masu jira. Furfura ya so ya ƙi, amma hannunsa ya riga ya danne bakin aljihun don kada su yi ƙara.

Likitar sabuwa ce, ba za ta wuce sa'ar autarsa ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta sa ya hau sikeli, ta ce ya ɗan ragu amma ba sosai ba. Tari? Babu. Ciwon ƙirji? Babu. Hawa bene fa? Ya ce ko yanzu a yi tsere. Bakinsa na ta zuba amsoshin da ya haddace tun kafin a haife ta. Da aka zo hura bututu, ya tattara duk abin da ya rage masa ya hura, har ɗakin ya yi masa duhu-duhu, sukar nan ta ratsa shi zuwa baya. Ko gezau bai yi ba. Ta duba na'urar, ta sake tambayarsa ko ya tabbata babu abin da ke damunsa. Ya ce sai tsufa. Ta ce to, sai baɗi.

Ya fito, 'yan benci suka ɗaga gira, ya ce ya ci. Ya mayar wa Ƙusa notunansa. Da ƙyar ya kai bakin ƙofa inda matarsa take, ya dafa bango kamar mai duba fenti. Sai a nan kalmar baɗi ta sauko masa. Shekara guda cur, shi kaɗai da abin da ke cikin ƙirjinsa, kuma shi da kansa ya rufe ƙofar.

Matar ta tambaye shi yaya, ya ce ya ci.

"Malam, korar wa kake tsoro?" in ji ta, a hankali. "Sun sallame ka tuntuni. Ni ce dai ban shirya sallamarka ba."

Ya buɗe baki ya yi faɗa, iskar faɗan ba ta zo ba. Ya ce mata in ya faɗa, za su gano ciwon. Ta ce ko bai faɗa ba yana nan.

Ya juya ya koma ciki. Komawar ta fi zuwan wuya, don dole ya wuce ta gaban benci. Ƙusa ya tambaye shi ko mantuwa ya yi, ya wuce abinsa. Ya jira na ciki ya fito, ya ƙwanƙwasa, ya shiga. Ya tuɓe kwat, ya hau sikeli ba tare da an ce ya hau ba. Likitar ta dubi allurar, ta dube shi, ta ajiye alƙalaminta.

"'Yata, nan ne," ya ce, ya ɗora hannu a haƙarƙarinsa. "Ya daɗe."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta sa abin sauraro a wurin, ta daɗe, ta koma ɗaya gefen, ta sake dawowa. Sannan ta ɗaga waya ta ce a ɗauki hoton yau, ba gobe ba.

Ɗakin hoton da sanyi. Aka ba shi wata 'yar riga mai igiya a baya, aka manna ƙirjinsa da faifan ƙarfe. Mai ɗaukar hoton ya koma bayan gilashi, ya ce ya ja numfashi sosai ya riƙe. Furfura ya ja. Bai kai rabi ba tarin ya ƙwace masa, mai tsawo, mai zurfi, har ya durƙushe yana riƙe da ƙarfen, hawaye na zuba. Matarsa, da ta biyo shi, na waje tana jin komai.

Mai hoton ya jira har ya lafa.

"Babu komai, Baba," ya ce. "Ja iya wanda za ka iya."