Ƙullin Dorsaf

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Dorsaf a bayan kanta ɗaya, a wani shago da ke kan hanyar tashar mota a garin Nabeul. Bitamin muke sayarwa, da man shafawa, da madarar jarirai. Ba mu da izinin taɓa maganin da likita ya rubuta, amma tsofaffin unguwa ba su san bambancin ba, su dai sun ga farar riga. Dorsaf gajera ce, mai ƙarar murya, ba ta iya ganin kwalba a karkace ta wuce ba ta gyara ba. Karatun haɗa magunguna ta fara a Monastir. Tana shekarar farko mahaifinsu ya yanke jiki ya faɗi a gonar lemo, bai tashi ba. Ta tattara littattafanta ta dawo gida, ta tarar da uwa mai ciwon sukari wadda idonta ya fara dushewa, da ƙane ɗan shekara tara mai suna Zied. Ita ta yi masa komai, har zuwa makaranta idan an kira iyaye. Ta yi aure sau ɗaya, bai kai shekara biyu ba.

Zied ya girma ya zama mai zanen faranti a wajen Baba Mokhtar, mai gasa tukwane a bayan kasuwa. Hannu ne da shi. Kifi da ganyen inabi yake zanawa ba tare da ya ɗora takarda ya kwafa ba, kuma kifinsa guda ba ya kama da wani. Idan zafi ya shigo, ƙarshen mako sai ya bi abokansa Hammamet wajen kiɗan bakin teku.

Wata Litinin da azahar ya shigo shago da baƙin tabarau, leɓensa duk a tattaune, ya ce a ba shi wani abu na ciwon muƙamuƙi. Dorsaf ta dube shi ta daɗe. Irinsa nawa ta gani ranar Litinin.

"Cire tabaran nan."

"Yaya, rana ce ta..."

"Rana a cikin shago? Cire na ce." Ya cire. Ta zagayo kanta ta kama kunnensa, mutum ɗan shekara ashirin da huɗu. "Ƙwayar rawa kake sha? Ekstasi? Kai, Zied? Don wannan na bar makaranta?"

"Wallahi sau uku ne a shekara, ko huɗu. Tsoronta ma nake ji. Sakar min kunne, ga Anti Hayet tana kallo."

"Ta kalla! Yau sai Mama ta ji."

"To gaya mata, sukarinta ya hau, ke za ki yi jinya."

Ba ta gaya mata ba. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta sa ya rantse. Ya rantse, bayan wata biyu ya sake zuwa da tabarau.

Daga nan ta shiga bincike a waya. Wata ranar Laraba da babu ciniki ta miƙo min wayar, don ni ce na yi Ingilishi a makaranta, ita Larabci da Faransanci ta iya. Wani dogon shafi ne da ya jera ƙwayoyin gina jiki da aka ce suna rage ɓarnar da ekstasi ke yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa: bitamin C, da magnesiyam, da wasu masu dogayen sunaye, rabinsu suna nan a kan shiryayyenmu. A saman shafin an rubuta cewa a jikin ɓeraye aka yi gwajin, babu wanda ya tabbatar yana aiki a jikin mutum, kuma babu kariyar da ta kai bari, ko aƙalla a bar watanni tsakanin sha da sha. Na fara fassara mata, na kai kan ɓeraye, sai ta kaɗa hannu.

"Wuce nan, Hayet. Wa'azi ne, na riga na yi masa. Je ki wajen nawa ake sha, da yaushe."

Na wuce. Ko gardama ban yi ba.

Ta zauna da biro da bayan kwali ta yi ta lissafi, irin wanda rabonta da shi tun Monastir, har fuskarta tana haske. Ta ƙulla ƙwayoyin a takarda uku, ta yi wa kowace alama: ta kafin, ta tsakiya, ta washegari. Ranar Juma'a ta damƙa wa Zied.

"Ba izini na ba ka ba, ka ji ni? Tunda ka ƙi ji ne. Kar ka rasa hankalinka kana da ƙuruciya."

Ya sumbaci goshinta. "Allah ya bar min ke, Dakta."

Kafin zafin ya ƙare labari ya bazu. Abokansa suka fara zuwa, sai abokan abokansa, maza da mata, wasu tun daga Tunis. Su sayi kwalabe, ita ta rarraba musu ta ƙulla, tana zaginsu. "Kai mai kunnen tulu, uwarka ta san inda za ka?" Su yi dariya su ce, "Dakta, a ƙara min ta washegari, Litinin ina da jarrabawa." Mai shagon ya ga kaya na tafiya bai tambayi dalili ba. Ƙullin Dorsaf yaran suke ce wa abin. Gaskiyar da daga baya ita da kanta ta faɗa min ita ce, tana jin daɗin sunan nan na Dakta. Shekara goma sha biyar babu wanda ya tambaye ta abin da ta sani, sai nawa ne man gashi. Ni ma nakan taya ta yankan takarda.

Haka aka yi zafi biyu. A na biyun, sanyi ya shigo amma shagon bai daina cika ranar Juma'a ba.

Baba Mokhtar ne ya zo da kansa, da safe, riƙe da faranti a cikin jarida. Tsoho ne da ba ya shiga shagon mata. Ya buɗe jaridar a kan kanta. Kifi ne, an zana kai da rabin jiki, sauran babu, sai wani ɗigon shuɗi inda buroshi ya daɗe a tsaye.

"'Yata, irin wannan sun kai ashirin. Sai ya riƙe buroshi ya yi shiru yana kallon bango. In ce masa ya ɗauko koren fenti, ya je ya dawo ya ce me na ce. Jiya na same shi a bayan murhu yana kuka, na ce wa ya mutu, ya ce shi ma bai sani ba. Ni ban kore shi ba. Amma a kai shi a duba."

Ni na raka su Tunis wajen wata likitar ƙwaƙwalwa. Ta bar mu muka shiga mu uku. Mace ce mai sanyin magana. Ta tambayi Zied barcinsa, da cin abincinsa, sannan ta ce sau nawa yake sha.

"Duk mako. Wani lokaci sau biyu."

Dorsaf ta juyo. "Ka ce min sau uku a shekara!"

"Da ne, Yaya."

Likita ta ce, "Yaushe ya koma duk mako?"

"Tun da Yaya ta fara yi min ƙulli. Da tsoro nake ji. Da na ga akwai kariya sai na saki jiki."

Ba da zargi ya faɗa ba. Kamar wanda aka tambaya ƙarfe nawa. Ko kallonta bai yi ba, yana ta murza hularsa. Dorsaf ta buɗe jaka ta ciro kwalin lissafin ta ajiye a gaban likita. Likita ta karanta har ƙasa.

"Waɗannan ba guba ba ne. Ƙila sun rage wani abu, ƙila ba su rage komai ba. Babu wanda ya sani."

"Kenan ni na ja masa?"

"Wannan ma ba zan iya ce miki e ko a'a ba."

A motar komawa, da muka wuce garin Grombalia, Zied ya yi barci, kansa a kafaɗar Dorsaf. Na matsa na ce mata a hankali, "Dorsaf, ni na tsallake maganar ɓerayen." Ta ce, "Ni na sa ki." Na ce ai da na nace. Har yau ba mu sake tayar da zancen ba.

Juma'ar da ta biyo wata yarinya mai suna Syrine, ɗalibar koyon zanen gini, ta shigo da fara'a ta ce a yi mata ƙulli biyu, ita da ƙawarta. Dorsaf ta daka mata tsawar da ta sa wata mai sayen madara ta fita.

"Babu! An daina! Fita min daga shago!"

Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa. "Anti, ko kin ba ni ko ba ki ba ni ba, zuwa zan yi. Tikitina na jaka."

Ta tafi. Dorsaf ta zauna a kan kwalin madara, ta rufe fuska. "In na ba ta, na ce mata je ki. In na hana ta, ta tafi haka nan. Hayet, wanne ne ba laifi?" Ranar Litinin ta yi ta leƙen titi, sai da ta hango yarinyar tana jiran mota da jakar makaranta sannan ta iya cin abinci.

Tun daga lokacin ba ta sake ƙulla wa kowa ba. Wanda ya nemi kwalba takan sayar masa, don ba shagonta ba ne, amma sai ta tsayar da shi ta ba shi labarin Zied da sunansa, tun daga sau uku a shekara har zuwa ofishin likita. Wasu su saurara, wasu su duba waya. Da yawa sun koma wani shagon.

Zied ya yi wata goma sha huɗu a gida yana shan magani. Mahaifiyarsu ta ce kambun baka ne, saboda hannunsa ya yi suna, ta yi ta turare. A haka ta rasu bara, ba ta sani ba. Ya koma wajen Baba Mokhtar, gefen faranti yake yi wa ado, yana rubuta duk abin da aka ce masa a ɗan littafi. Yana dariya yanzu. Likita ta ce ana samun sauƙi a hankali, ba ta ce har ina ba.

A farkon bana ya ce yana son wata mai aiki a gidan waya, Wiem. Aka kai gaisuwa, aka karɓa. Dorsaf ta yi kwana uku tana juya abin, rana ta huɗu ta sayi kek ta je ta sami yarinyar a lokacin hutun rana, ta gaya mata komai, nasa da nata. Ta ce ba za ta bari a ɗauki 'yar mutane a kan rabin magana ba. Wiem ta ji har ƙarshe, ta ce, "Anti, nasa ya gaya min tuntuni. Naki ne bai faɗa ba."

Da Zied ya ji ta je, ya zo shago ransa a ɓace. "Wa ya aike ki? Na rufa miki asiri, ke kin je kin tona kanki. Sai yaushe za ki bar ni in yi abu da kaina?" Wata biyu bai yi mata magana ba, suna gida ɗaya. An sa biki bayan babbar salla. Makon jiya ya aiko Wiem ta tambaye ta ko za ta raka su zaɓen labule. Dorsaf ta ce za ta duba ko mai shago zai ba ta rabin yini.