Ta'aziyya a Kanal na Biyu

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin kashe gobara, ranar rijiyar nan ta bayan Bande ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Yekuwa, inda in ka wuce babba ba ka gaishe shi ba, labarin zai riga ka isa gida. Shi ya sa da na shiga aikin pompiye, wato kashe gobara, a birni, hawan tsani bai ba ni wuya kamar tsarin rediyonmu ba. Kanal uku gare mu. Na ɗaya na kiran gaggawa ne, tsakanin bariki da motoci. Na biyu na waɗanda ke tsakiyar aiki ne, kamar wanda ya shiga hayaƙi ko ya sauka rami. Na uku kuwa na zancen mai da abinci da hira ne. Ba a gaisuwa a na ɗaya da na biyu, domin rediyon hannu ba waya ba ce: muddin yatsanka na kan maɓalli, kai ba ka jin kowa, kuma babu mai iya shigowa. Ni dai a lokacin rashin tarbiyya na ɗauki wannan doka, har wani babban abokin aikina da nake ce wa Yaya ya laƙaba mini Sarkin Gaisuwa.

Ranar da hantsi aka kira mu. Ƙasa ce ta rufto wa wani mai haƙar rijiya, ta binne shi zuwa ƙugu. Da muka isa, Yaya ya ɗaura igiya, ya sa abin numfashi a fuska saboda iskar ciki ba ta da kyau, ya sauka. Ni aka ba rediyo a bakin rijiya, abin da ya faɗa daga ƙasa in faɗa wa masu jan igiya. Aikina ke nan, babu ƙari. Ya tono mutumin, aka jawo shi da ransa, mata suka ɗauki guɗa. Saura Yaya a ƙasa, yana tattara kayan aiki.

Sai ga muryar shef ɗinmu, wato shugabanmu, a kanal na biyu, yana tafe a wata mota: "Me ake ciki?" Kwanansa bakwai a Waca wajen rasuwar mahaifiyarsa, ni kuma aiki ya hana ni zuwa, abin yana ta cin raina. Amsar ba ta wuce in ce an fito da shi ba. Amma ina! Na matsa gindin wani gawo don in guje wa hayaniya, na danna maɓalli.

"Shef, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Wallahi na so zuwa, a gafarce ni. Ya mutanen gida, ya ƙarin haƙurinsu?"

Ban san iya tsawon da na ja ba. Ihun wani tsoho ne ya dawo da ni, shi ma mai haƙar rijiya ne, wanda tun da muka zo bai ɗauke hannunsa daga igiyar ba. Ya ji ana fizgar ta daga ƙasa.

"Ku ja! Ku ja, 'yan nan, mutuminku na kira!"

Na saki maɓallin, sai muryar Yaya ta faɗo mini a dishe: "Tana zubowa, ku ja ni!"

Aka jawo shi waje, ƙasa har cikin kunnuwansa. Wani guntun siminti ya ɓalle daga bango ya karya masa ƙafar hagu. Da shef ya iso ya ji yadda aka yi, bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "Na gode da ta'aziyya. Saura ƙiris ka sa mu karɓi wata."

Kwana uku ina zuwa ƙofar likita ina komawa, kunya ta hana ni shiga. Ran na huɗu na daure na shiga, na tsaya a kan gadon Yaya, baki ya ƙi buɗewa.

"Sarkin Gaisuwa," in ji shi, "yau da ya kamata ka gaishe ni kuma ka yi gum? Nan kanal na uku ne, saki bakinka."

Na fashe da kuka, ƙato da ni. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce a hankali, "Sau huɗu na kira ka, ƙanena."

Yaya bai sake sauka rijiya ba. Ɗakin rediyo aka mayar da shi, shi ke koya wa sababbi tsarin kanal. Yakan ba su labarin nan, amma bai taɓa gaya musu ko wane ne ya riƙe maɓallin ba.

Na koyi cewa kowace magana da muhallinta, har ta alheri, kuma wani lokaci ladabin shi ne ka rufe baki ka saurara. Gaisuwa ban daina ba, ba ni kuma da niyyar dainawa. Amma har yau in na jiyo Yaya yana tafe yana jan ƙafar nan, sai na bari ya fara magana.