Uwaisu, Ba Ka Ƙarasa Gyaran Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Safar, 'yan bindiga suka buɗe wa motarku wuta a hanyar Katsina, kana komawa wurin aiki. Uwaisu ɗan yayana, da hannuna nake rubuta maka wannan, duk da sai da na girma na koyi rubutu.

Na daɗe ban gane aikinka ba. Ka ce kai ke tsara wa kwamfutar banki lissafin da take auna wanda zai iya biyan bashi, kuma kai ke gwada ta ko tana kuskure. Ban damu ba sai da ta ƙi ɗana Ɗalhatu, da ya nemi jarin buɗe shagon faci don ya daina dakon fetur a babur ta daji zuwa Nijar.

Na ce ka cusa sunansa. Ka ce, "Gwaggo, ba ni iyawa. Amma bari in ga mi ta gani."

Ka zo Jibiya da kanka, kana bin masu shago da manoman Farfaru kana duba wayoyinsu. Sai ka gano nan bakin iyaka waya takan kama layin Nijar ko mutum na zaune a ɗakinsa, ita kuma kwamfutar ta ɗauka ya tsere ƙasar waje. Ka ce, "Mu muka rubuta ta, ba mu faɗa mata akwai gari irin namu ba."

Na ce to ka gyara yau. Ka yi dariya ka ce sai an gwada gyaran a kan mutane da yawa, kada a ceci Jibiya a cuci wani gari. Ka roƙi Ɗalhatu ya ajiye jarkokin fetur ɗin ya jira ka. Ya ajiye.

Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka. Shekaranjiya na ga ya fito da jarkokin yana wankewa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Yaya Yahya da matarka Mutmainna haƙuri. Ban san kowa a ofishinku ba. Allah Ya sa wani a can ya buɗe aikin da ka bari, tun ɗana yana dawowa gida.