Taurarin da Suka Daina Haihuwa

'Yata ta biyu ta dawo hutun Kirsimeti daga jami'a da wani hoto a kwamfutarta. Lokacin muna tsakiyar tsaga citta, tsakar gidanmu a Kafanchan duk shanya ce, sai da tsallake ake isa kicin. Mahaifiyata, wadda muka ɗauko daga Godogodo saboda ciwon gwiwa, tana zaune a inuwar mangwaro da wuƙa a hannu.

Yarinyar ta ɗora mata kwamfutar a cinya, ni ma na leƙa. Wani abu ne kamar faifai da aka jingine, launinsa na man shanu, wata sandar haske ta ratsa tsakiyarsa. Kewaye da shi akwai ɗige-ɗige. Ta ce faifan nan taurari ne cunkus, ba sa ƙirguwa, ɗige-ɗigen kuma irinsa ne, tare suke zaune a sama kamar unguwa guda. Hasken da ke cikin hoton ya taso tun ba a kafa ko gari ɗaya a duniya ba.

Mama ta tambayi abin da ya sa ya yi ruwan ɗorawa haka. Jikarta ta ce taurarin duk tsofaffi ne, an daɗe da daina haihuwar sababbi a can.

Ta ajiye wuƙar, ta daɗe tana kallo.

"To, wa yake ɗebo musu ruwa?"

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Sai ta koma yarenmu, ta shiga lissafa tsofaffin da suka rage a unguwarsu, gida bayan gida, da wanda 'ya'yansa ke Sabon Tasha da wadda nata ke Legas. Ina tsaye ƙamshin citta yana yaji a hancina, muryarta tana nisa, har na ji kamar tsakar gidan ta tashi da mu a hankali, da buhuna da kaji da mangwaron duka.

"Kaka, in buga miki shi a takarda?"

Ta ce a buga, amma babba.

Da gwiwar ta yi sauƙi ta koma gida da shi a naɗe cikin zani. Daga baya ta gaya mini a waya cewa 'yan zumuntar mata suna biyowa bayan sujada su gani, ita ke yi musu bayani. Wata har ta ce a riƙa sa mutanen can wurin taurarin cikin addu'a, an kuma sa su.