Pak Suwondo da Leburorin Cikin Kwamfuta

Pak Suwondo, wato Malam Suwondo a yarensu, ya daɗe yana koyar da ƙiyasin kuɗin gini a wata kwalejin fasaha da ke birnin Malang. Ɗan birkila ne, a kan tarin yashi ya yi wayo. Alli da allo kaɗai ya sani, bayan rigarsa kullum fari fat saboda jingina da allo. Ga shi da raunin zuciya, ko jarrabawa yake dubawa, in ya ga ɗalibi ya faɗi sai idonsa ya ciko.

Ana nan kwalejin ta sayo wata manhaja. Ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta, a ba shi zanen gida, ya ƙiyasta siminti da rodi da ladan ma'aikata, sannan ya danna maɓalli. Nan take 'yan mitsi-mitsin leburori masu hular kwano su fito su hau aiki, manhajar tana jefo musu ruwan sama da tashin farashi, daga ƙarshe ta nuna riba aka ci ko karyewa aka yi.

Pak Suwondo ya ce shi ba zai koyar da wasan yara ba. Da ƙyar shugaban sashe ya lallaɓa shi ya gwada tare da ɗalibai, kowa ya gina ƙaramin shago.

Aiki na tafiya lafiya har ruwa ya sauko a cikin kwamfutar. Pak Suwondo ya hango wani lebura yana jidar bulo a cikin ruwan.

"Kai, wannan mura zai kama," in ji shi, ya tsayar da aikin.

Kafin sati ya zagayo ya raɗa musu suna kaf. Mai jidar bulon shi ne Tukiman. Ya duba kason abincinsu ya ga bai wuce na shinkafa da tempe, wato wainar waken suya, ba, ya ƙara ƙwai. Ya ba wani hutu saboda ya ga kamar yana ɗingishi.

Da aka zo duba sakamako, wata ɗaliba mai kaifin baki, Wening, ta gama shagonta har da riba. Na malamin kuwa ya cinye abin da zai gina otal, ko rufi babu.

"Pak, an fa kore ka," in ji Wening. "Tun ginin yana iya taga mai shagon ya sallame ka."

"Ke kuma, Malama Wening, mutum nawa kika sallama rana ɗaya? Kin tambaya ko suna da iyali?"

"Pak, ko fuska ba su da ita!"

"Ai shi ne abin tausayin."

A gida ma bai bar zancen ba. Matarsa, Bu Darmi, ta yi ta jin yana cewa Tukiman ya rame, har wata safiya ta ƙunsa shinkafa da soyayyen kifi a ganyen ayaba ta ce ya kai wa bawan Allah. Da ya bayyana mata inda Tukiman yake, ta karɓe ƙunshin ta zauna ta cinye a gabansa, tana kallonsa.

Shugaban sashe ya so ya karɓe ajin, amma ɗalibai suka ƙi. Sun gano babu darasin da ya kai kallon malaminsu yana karyewa. Haka abin ya zama al'ada: duk farkon zango Pak Suwondo zai gina shago a gaban aji ya talauce, su kuma su bi sawu su gano ta inda kuɗin ya zube. Har daga wasu sassan ake zuwa kallo, ana tsayawa ta taga.

Shekarar da zai yi ritaya aka kawo sabuwar manhaja, mai sababbin leburori masu ido da hanci. Ya je wajen mai kula da kwamfutoci ya tambayi inda za a kai tsofaffin.

"Gogewa za a yi, Pak."

Ya roƙi a dakata zuwa Juma'a. Ranar, Bu Darmi ta dafo shinkafa mai kurkum tuli guda, aka shimfiɗa tabarmi a ɗakin kwamfuta, malamai da ɗalibai suka zauna aka yi walimar ban kwana. Wani dattijon malami da aka ce ya yi addu'a ya ɗaga hannu, sai kuma ya tsaya.

"Wai wa za mu yi wa?"

Pak Suwondo ya share ido da gefen riga.

"A yi wa duk mai jidar bulo," ya ce.

Aka shafa. Wening ce ta fara kai hannu kan cinyar kaza.