Lemun Tsamin Baba Kyari

Ina zaune a gindin lemun tsamin nan, na rungume buta kamar jariri, ma'aikata huɗu na tsaye a kaina da diga da gatari, waya kuma sai ɓari take a aljihuna. Ya Abba ne daga Abuja. Ban ɗauka ba.

Oga Bitrus, mai kamfanin da ke ƙawata gidaje da fulawa, ya share gumi ya ce, "Modu, don Allah tashi. Cewa aka yi ka nuna mana bishiyar, ba ka zauna a gindinta ba."

Na ce, "Ai na nuna. Ga ta nan. Kun gani? To, ku gaida gida."

Ku da kuka san Baba Kyari na unguwar Mairi, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun da na yi wa makaranta sallama a aji huɗu, kun san tambayarsa guda ɗaya ce a duniya. Ka nuna masa ko wane irin tsiro, zai ɗaga gira ya ce, "Ana ci?" Shi ke nan. Ko a gidan gwamna ka kai shi, abin da zai tambaya ke nan.

To wannan mutumin ne babban ɗansa, Ya Abba, ya ga ya dace a gyara wa tsakar gida. Wai yashi ya yi yawa, abokansa na zuwa gaisuwa. Wai a sa ciyawa, a sa fulawa, a shimfiɗa intalok, a yi rumfar mota. Baba ko keke ba shi da shi, amma rumfar mota! Ni kuma da yake ba ni da aikin fari balle na baƙi, aka naɗa ni mai sa ido.

Ranar farko Oga Bitrus ya zo da tef ya auna gidan nan kaf, har bayan banɗaki. Bayan kwana uku ya dawo da zane a babbar takarda, ya durƙusa gaban Baba yana bayani. Mutumin kirki, wallahi, ɗan Biu ne, Hausarsa a nutse.

"Baba, nan za mu jera wannan mai jan fure."

"Ana ci?"

"A'a Baba, na ado ne."

"In ciki ya murɗa ana jiƙawa a sha?"

"A'a."

"Akuya fa?"

"Kai Baba, kar a bari akuya ta taɓa. In ta ci mutuwa za ta yi."

Baba ya juyo ya dube ni. "Modu, ka ji? Abba ya aiko min da maƙiyi, kuma ni zan riƙa ba shi ruwa safe da yamma."

Sai aka fara aiki. Jama'a, duk wanda ya ce maka za a ƙawata gidanka, ka shirya ganin gidan ya koma kamar an yi yaƙi tukuna. Sati biyu ba mu san inda ƙofar ɗaki take ba. Rami nan, rami can, bututu a miƙe kamar macizai, baro na kai da kawo, ƙura har cikin miya. Suka kwashe yashin tsakar gida, tifa ta juye baƙar ƙasa da taki a ƙofa. Baba ya fito ya tsaya yana kallon tulin nan.

"Wannan fa?"

"Ƙasa ce, Baba."

"Ƙasa. A Maiduguri. An rasa abin da za a kawo min sai ƙasa." Ya gyaɗa kai. "Gobe a aiko da rana, ita ma muna ƙarancinta."

Tsohon yashin kuwa ya hana a fita da shi. Wai shekara arba'in yana taka shi, ya san ƙafarsa. Wa ya kwashe shi buhu-buhu zuwa bayan gida? Mai sa ido mana. Har yau yana nan, kyanwoyin unguwa na godiya.

Ranar da aka kawo ciyawa ita ce ranar da na ɗauka Baba zai suma. An yanko ta falle-falle kamar darduma, ana shimfiɗawa ana dannawa. Ya ce shi tun yana ɗan shekara bakwai ubansa ke tashinsa da bulala ya je ya cire ciyawa a gona, yau ga shi ya haifi ɗan da ke yi mata hayar mota. Oga Bitrus ya ƙara da cewa sati uku kar kowa ya taka, sai saiwa ta kama.

Baba ya ce, "Ni ma?"

"Har kai, Baba."

Daga ranar, in zai tafi masallaci sai ya bi ta jikin katanga, yana dafe da bango, ya ɗan rusuna ya ce wa ciyawar, "Wushe, Hajiya. An tashi lafiya? Ɗan haya ne zai wuce." Kullum! Sau biyar a rana! Har maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar ko Baba ya yi sabon aure.

Ashe tsoho na da shirinsa. Wata Litinin ya ce in raka shi kasuwa a keke-napep, ya shiga layin masu iri ya ƙulla wasu abubuwa a leda, ya ce in na faɗa wa Abba zai aske min kai da kwalba. Bayan wata biyu Oga Bitrus ya zo duba aikinsa, tare da wata Hajiya da ke son a yi mata irinsa a gidanta. Ana zagayawa, Hajiya ta tsaya cak gaban wani tsiro mai fure ruwan ɗorawa, cikinsa ja.

"Wayyo, wannan ya fi duka kyau! Daga wace ƙasa kuke kawo shi?"

Oga Bitrus ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Na ga kunnensa na motsi.

Baba daga kan tabarma ya ce, "Kuɓewa sunanta, Hajiya. Daga Kasuwar Litinin. Ga yakuwa can bayan maƙiyin akuya." Ya ɗaga yatsa. "Kuma ana ci."

Oga Bitrus da leda cike ya koma gida ranar. Matarsa har ta aiko a ƙara.

Famfon da suka kafa wa ciyawa kuwa, mai juyawa yana feshi, sau ɗaya ya yi aiki. An kunna shi Baba na zaune da farar babbar riga ranar Juma'a. Ya miƙe yana ɗiga, ya ce shi bai taɓa ganin ruwa na rawa ba a garin da mata ke bin layin bohol. Ya sa aka ɗaure bakin famfon da roba. Shi tsarinsa daban: ba ya alwala a wuri ɗaya sai a kan shuka, don kar ɗigo ɗaya ya tafi a banza. Asuba a kan kuɓewa, azahar a kan yakuwa. Sauran ukun kuma na lemun tsami ne.

To ga inda rigimar take. Lemun tsamin nan shi ya dasa da hannunsa, yana tsakiyar inda zanen ya ce rumfar mota. Shekara takwas, ko ɗa ɗaya bai taɓa yi ba. Ƙaya kawai da ganye. Duk ranar da ma'aikata suka zo cire shi, sai su tarar Baba ya shimfiɗa tabarma a gindinsa yana jan carbi. Ya Abba ya yi waya har ya gaji. Baba ya ce, "In na mutu ku sare. Saura kaɗan ai, ku yi haƙuri da ni."

Wata rana na ga dama ta samu. Yana alwalar la'asar a gindinsa na zo na tsaya, na ɗaga gira irin tasa, na nuna bishiyar.

"Baba, ana ci?"

Bai ko ɗago ba. Ya gama wanke ƙafa, ya zazzage sauran ruwan butar a saiwa.

"Kai ana ci?"

Na sauke hannu. Ya ci gaba.

"Shekara nawa kana gidan nan? Ka yi gareji wata biyu, ka yi shagon waya sati uku, ka yi keke ka kai shi cikin kwata. Na sa maka gatari?"

Na ce, "A'a."

"To. Wani ana ci, wani ana jira. Miƙo min takalmi."

Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Ya Abba, da yake ɗa ne mai cika wasiyya, bai manta komai ba sai ya tuna wannan: in na mutu ku sare. Shi ya turo su Oga Bitrus yau, ya ce ni in nuna musu.

Mun yi kusan awa guda a haka, ni a zaune su a tsaye. Ƙarshe Oga Bitrus ya ce wa yaransa su mai da kaya mota. Ya tsuguna ya kama wani reshe yana dubawa, ya ce, "Ruwa ya yi masa yawa, taki ya yi kaɗan, kuma ba a taɓa yi masa aski ba. Tsohon nan ya shagwaɓa shi ne." Ya dube ni sama da ƙasa. "Duk ku biyun."

Na yi dariya. Butar da ke hannuna ta Baba ce, murfinta ɗaure da zare tun ina yaro.

Allah ya jiƙan Baba Kyari. Allah ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa duk abin da ya tsiro a gidansa, mai amfani da marar amfani. Allah ya ba shi lambun da duk abin da ya nuna, za a ce masa, "Ana ci, Baba."

Da suka tafi na zaro waya na rubuta wa Ya Abba:

"Ya Abba, wuni lafiya. Ba a sare ba, ni na hana, kar ka ga laifin Oga Bitrus. Motarka sau biyu take zuwa a shekara, ta kwana a rana, ba za ta narke ba. Oga ya ce in zo ranar Litinin in fara koyon aiki a wurinsa, zai nuna min yadda ake yi wa lemo aski. Ka ba mu damina biyu, ni da lemon. In ba mu yi komai ba, ka zo da gatarinka ka fara da wanda ka ga dama."