Keken Baba Musiliu Ya Samu Inji

Duk wanda ya saba bin hanyar Fagge zuwa Sabon Gari da sanyin safiya ya san Baba Musiliu, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne gajere mai fara'a, da baƙin keke da ƙaton akwatin katako a baya cike da burodi. A Fagge aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga Ogbomosho yana sayar da yadi, amma Musiliu bai iya zaman shago ba, ƙafarsa ba ta son wuri ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar burodi daga gidan da ake gasawa yana raba wa masu shayi da masu kanti.

Da ya ba shekara hamsin da takwas baya, sai gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama. Ɗansa Waliu, wanda ke aiki a Ibadan, ya bugo waya ya ce zai saya masa babur. Baba Musiliu ya ce a'a, shi da kekensa mutu ka raba.

Uchenna ne ya kawo mafita. Shi mai sayar da kayan janareta ne a Sabon Gari, kuma kullum yana karɓar burodi biyu a hannun Baba. Wata safiya ya ga yadda dattijon ya sauko daga keke yana cije baki, sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi.

"Baba, ka ga wannan? Ƙaramin inji ne da ake ɗaura wa keke. Kekenka na nan yadda yake, sai dai ka daina tuƙi da ƙafa."

Kwana biyu aka yi ana ɗaurawa. Da aka gama, Uchenna ya zaunar da shi ya ce, "Ka saurara da kyau, Baba. Wannan injin ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota. A cikin fetur ake gauraya masa. Yanzu da yake sabo, kashi goma sha shida na fetur, kashi ɗaya na mai. In ya sha tanki huɗu ya saki jiki, sai ka koma ashirin da biyar na fetur, ɗaya na mai. Ka gane?"

"Na gane, Oga Uche," in ji Baba Musiliu, alhali idonsa na kan keken, hankalinsa ya riga ya hau titi.

Baba mutum ne mai sakin hannu. In ya zuba wa baƙo miya sai ta malale kwano, kuma haka ya yi wa injin. Ya ce a ransa, abin da zai ɗauke shi da burodi tamanin ai bai kamata a yi masa rowa ba. Ya tuntsura kwalbar mai a tanki ba awo.

Keken ya tashi, ya yi gudu kuwa, amma hayaƙin da ya biyo bayansa sai ka ce ana ƙona tayoyi. A Bata, inda cunkoso ya tsayar da shi, masu Adaidaita Sahu suka dinga tari suna ɗaga masa hannu. Shi kuma ya ɗauka gaisuwa ce, yana amsawa da murmushi. Sai da ya isa kantin Hajiya Surayya, wadda ta daɗe tana karɓar kayansa, ta ɗauki burodi ɗaya ta shinshina ledar.

"Baba, yau kuma burodin naka ƙyafaffe ne? Ai kifi na san ana ƙyafewa."

Kwana na shida injin ya yi tari sau biyu a Titin Ibrahim Taiwo ya mutu. Baba ya koma tuƙi da ƙafa, ga nauyin inji ya ƙaru a kan na da. Ya isa shagon Uchenna jiƙe da gumi. Uchenna ya kwance fulogin injin ya nuna masa: baƙi ƙirin, yana naso. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya goge fulogin, ya ce, "Mai ya yi yawa, Baba. Ka rage."

To, Baba ya rage. Ya rage har ya zarce, ɗan ɗigo kawai yake sakawa kamar mai sa turare. Hayaƙi ya ɗauke, keken ya ƙara kuzari, Baba yana ta yaba wa kansa. Rana ta uku, a hanyar Rijiyar Lemo, ya ji muryar injin ta sauya, ta koma ƙarar gwangwani, zafi kuma na dukan ƙafarsa ta cikin wando. Allah ya taimake shi ya kashe nan take. Ya zauna a gindin wata bishiya yana kallon keken kamar mai jinya.

Da ya kai keken shago, wannan karon Uchenna bai yi dariya ba. "Baba, da ka ƙara minti biyar da fistan ya manne, sai dai mu yi wa injin addu'a. In mai ya yi yawa, fulogi kawai za ka wanke. In ya yi kaɗan, injin ne zai tafi gaba ɗaya."

Da labari ya isa gida, matarsa Morufat ta ajiye muciyar da ke hannunta. Ita sana'arta haɗa sabulun ruwa, kuma a wajenta ko gishiri sai da awo.

"Baban Waliu, kashi nawa ya ce maka?"

"Ya ce ashirin da wani abu."

"Wani abu nawa?"

Baba ya sosa ƙeya. Washegari ta yafa mayafi ta bi shi har Sabon Gari, ta sa Uchenna ya maimaita mata komai tiryan-tiryan. Ta yi lissafi da yatsu ta ce, "Wato in fetur lita ɗaya ne, mai mililita arba'in ke nan." Uchenna ya tafa hannu ya ce, "Mama, da ke na fara yi wa bayani da ban sha wahala ba."

Ta ba mijinta ɗaya daga cikin kofunan awonta, ta ja layi da jan farce daidai kan arba'in. Ta ware masa galan guda, ta ce a ciki zai haɗa ya girgiza sosai kafin ya zuba a tanki. Ta kuma hana shi karɓar ragowar man mota daga hannun abokansa makanikai, sai wanda aka yi domin irin wannan injin, wanda 'yan kasuwa ke kira tu-ti.

Tun daga nan keken ya daidaita. Ɗan siririn hayaƙi ne kawai ke fita, rabon burodin da a da yake kai shi azahar yanzu kafin ƙarfe goma ya gama. Duk ranar Asabar yakan kwance fulogi ya duba, in ya gan shi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe sai ya kai wa Morufat har madafa ta gani. Wasu masu keke su biyu a unguwar da suka sa irin injin, wurinsa suke zuwa neman shawara, yana yi musu bayani da murya irin ta malamin makaranta, Morufat na jinsa daga ciki tana murmushi.

Ranar sunan jikar ƙanwarta a Rijiyar Lemo, Morufat ta ce ba za ta shiga Adaidaita ba. Baba ya sauke akwatin burodi, ya ɗaure matashi a bayan keken, ta hau a karkace da ƙaton ɗaurin kanta na biki. Suka tafi a hankali, tana riƙe da rigarsa tana cewa ya kula da ramuka, mutanen Fagge na yi musu a sauka lafiya. A ƙofar gidan suna mata suka fito da guɗa. Morufat ta sauko ta gyara zaninta ta shige ciki da takun ƙasaita. Baba Musiliu kuwa bai samu shiga ba sai bayan la'asar, domin maza sun kewaye keken, kowa da tambayarsa, har aka kawo masa shinkafarsa nan waje ya ci a tsaye.